Ilimin Albasa da Kuɗin Zama

A Wurno ta ƙuruciyata, wanda ya san abu ba ya jiran a tambaye shi. Idan dattijo ya bi ta gefen lambunka ya ga ka cika wa fangali ruwa, zai tsaya ya gaya maka, ko da kuwa tsakaninsa da mahaifinka akwai tsohuwar rigimar iyakar gona. Haka na tashi na tarar a shekarun 1970, lokacin da ake ɗaga ruwa da jigo, tun kafin ƙarar injin ban-ruwa ta cika fadamar Rima. Mahaifina manomin albasa da tafarnuwa ne, kuma mafi yawan abin da na sani game da ƙasa, kafin in shiga makarantar koyon aikin gona, daga bakin mutanen da ba su taɓa karɓar ko kwabo a kansa ba na ji shi.

Makarantarmu ita ce gindin wata tsamiya a kan hanyar dawowa daga fadama. Bayan la'asar manoma kan yada zango a nan, wasu na kankare taɓo daga ƙafa, wasu na gyara ƙotar fartanya, mu yara muna rakuɓe a gefe. A nan na ji lokacin da ake yafa irin albasa, da yadda ake gane ya isa dashe, da dalilin da ya sa ake janye ruwa idan ganye ya fara kwantawa. A nan na ji yadda ake ɗaga rudu daga ƙasa don iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi, da yadda ake tsince mai rauni kafin ta ruɓar da 'yan uwanta. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne gwanin ajiya. Albasarsa takan kai tsakiyar damina, lokacin da ta yi tsada, alhali ta wasu ta daɗe da zama taki. Wata rana ya same ni ina kwarara wa fangali ruwa ana saura kwanaki kaɗan a cire, ya ce, "Kai ɗan nan, wa yac ce maka a shayar da albasa tana shirin hita? Kana son ta yi nauyi yau ta ruɓe gobe?" Na ce, "Kawu, na ga ƙasar ta bushe." Ya ce, "Bushewar nan muka nema."

Kada a ɗauka mutanen nan ba sa samun komai. Suna samu, sai dai ba a hannu ake danƙa musu ba. Wanda maganarsa ta tabbata a gona, shi ake kira idan za a raba gardamar magudanar ruwa, shi ake fara gaisarwa a wajen ɗaurin aure, kuma idan ya kira gayya ba ya rasa hannuwa. Akwai kuma neman lada, wanda su a wajensu ba maganar fatar baki ba ce. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne kowa ya san lambun kowa. In ka cika baki a gindin tsamiya a watan Janairu, za a leƙa rudunka a watan Yuni. Kuma ba komai ake faɗa ba. Mai irin albasa na musamman yakan riƙe abinsa, masunta na da asirinsu na ruwa, maƙera da wanzamai ma haka, sai ɗa ko bara mai biyayya. Amma ilimin da rashinsa zai jawo wa maƙwabci asarar shekara, ɓoye shi abin kunya ne.

Garin ma da wannan aka gina shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da Wurno ribaɗinsa, ya rasu a nan a 1837 kuma hubbarensa na nan, mutum ne da ya yi rubutu har a kan magunguna da lafiyar jiki don amfanin jama'a. 'Yar uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru: ta naɗa jajis, dattijan mata da take ba malfa, suna jagorantar matan ƙauyuka su zo su ɗauki karatu cikin waƙa su koma su koya wa na gida. Matan ne ke zuwa da abin sadaka a hannu, a raba wa mabuƙata. Kakata ta wajen uwa ta riƙe wasu daga cikin waƙoƙin nan da ka, daga bakin wata tsohuwa ta ɗauke su, kuma ta koya wa 'yan matan unguwarmu ba tare da ta taɓa tunanin wani zai biya ta ba.

Kuɗi kuwa suna nan a cikin harkar ilimi tun can. Duk ranar Laraba mukan kai wa malaminmu na allo kuɗin Laraba, in an yi girbi a kai masa dami, in yaro ya sauke a yi masa alheri. Amma ba a taɓa ƙidaya baƙaƙen da ya koya mana a biya shi a kan kowane ba, kuma yaron da ubansa ba shi da shi ba a kore shi. Ana ciyar da malam ne don ya samu sukunin zama ya karantar. Mai tambaya ma shi ke kashe kuɗi. Na tuna wani tela a bakin kasuwa da ke sayen kan sarki da guminsa ya aika wa shirin Amsoshin Takardunku na Sashen Hausa na BBC tambaya, ya yi ta jira har makonni, ranar da aka karanto sunansa kuwa duk rumfar ta ɗauki amsar ta yi ta juya ta.

Na kama aikin malamin gona a shekarun 1980, daidai lokacin da aka gama gina madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, wadda aka tsara ta riƙe ruwa mita kubik miliyan 942. Zamanin tsarin horo da ziyara ne na shirye-shiryen raya aikin gona da Bankin Duniya ya tallafa: duk mako biyu a tara mu a koya mana abu ɗaya, mu hau babur mu kai wa zaɓaɓɓun manoma, su kuma su isar wa maƙwabtansu. Ni ana biya na albashi, kuma ba don albashin da man babur ba, da ƙafata ba ta taka ƙauyukan Rabah da na Goronyo ba. Manoman ba a biyansu. Idan na aika cewa zan zo Shinaka ko wajen Gandi, waɗanda ke fitowa su ne masu abin da ke damunsu: wannan ya riƙo ganyen da ƙwari suka tsotse ya yi fari-fari, wancan ya zo da tambayar taki. Ba su da yawa, amma ba a tashi sai an yi gardama, kuma sau da dama nakan koma gida da abin da littafina bai faɗa ba. Da injunan ban-ruwa da 'yan rijiyoyin bututu suka yawaita a farkon shekarun 1990, yadda ake sarrafa su da gyaransu ya bazu daga lambu zuwa lambu da sauri fiye da yadda mu ma'aikata za mu iya kai shi.

Canjin ya zo ne da ambulan. Daga wajen shekarun 2000 shirye-shiryen tallafi suka yi ta shigowa, kowanne da motocinsa da taron bitarsa, kuma kowanne yana ba mahalarta kuɗin mota da kuɗin zama. Niyyar mai kyau ce, kuma na yarda da ita: mutumin da ya bar lambunsa yini guda ya yi asara, bai kamata a ce ya biya mota daga aljihunsa ba. Amma da zarar an ce akwai kuɗi sai an yi jerin sunaye, kuma da zarar an yi jerin sunaye sai an samu mai rubutawa. Ɗakin taro ya riƙa cika maƙil. Sai dai fuskokin sun sauya. Za ka ga ɗan mai unguwa, da ƙanen wani ɗan siyasa, da mutumin da ban taɓa ganinsa da taɓo a ƙafa ba, sun zauna shiru tun safe, ba tambaya ba gardama, idonsu na kan teburin da takardar sa hannu take. Irin su kawuna, waɗanda ba su iya bin ƙofar kowa don a sa sunansu, suna can fadama.

Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Wanda ya je bita ya dawo, da wuya ya tsaya a majalisa ya zayyana abin da ya jiyo, domin a ransa an riga an sallame shi tun da ya sa hannu. Ni kuma idan na kira taro irin na da, ba ambulan, tambayar farko da ɗan aike ke dawo mini da ita ita ce, "Malam, sun ce akwai wani abu?" Wani dattijo a wani ƙauye na ƙasar Rabah, mutumin da shekara da shekaru yake karɓata a zaurensa yana buɗe mini abin da ya sani game da shinkafar fadama, ya dube ni wata rana ya ce, "Malam, ba rowa nika yi ba. Amma tunda anka hwara biyan masu saurare, mi za a ba mai hwaɗi?" Na ce, "Baba, gaskiyarka." Ban ga abin da zan ƙara ba. Shirin da ya kawo ambulan ya cika wa'adinsa ya naɗe tabarmarsa, kuɗin suka tsaya, amma mutane ba su koma fitowa kamar da ba.

Daga baya na karanta cewa ba mu kaɗai ba ne. Wasu masana tattalin arziki biyu, Uri Gneezy da Aldo Rustichini, sun wallafa wani bincike a 2000 a kan gidajen renon yara goma a birnin Haifa. A shida daga ciki an sa 'yar tara ga iyayen da suka makara wajen ɗaukar 'ya'yansu. Maimakon makara ta ragu sai ta ƙaru, domin abin da a da kunya ke hanawa ya zama abin da ake saye da kuɗi kaɗan. Da aka janye tarar, makarar ba ta koma yadda take ba. Tun a 1970 ma Richard Titmuss ya kwatanta ba da jini kyauta a Ingila da sayar da shi a Amurka, ya nuna cewa inda ake biya, mai tsananin buƙatar kuɗi yakan ɓoye ciwon da ke jikinsa, jinin ya zama mai haɗari. Da na karanta na Haifa, zauren dattijon nan na Rabah ne ya faɗo mini a rai.

Wayar hannu ta dawo mana da wani abu da na zaci ya tafi. A ambaliyar watan Satumba na 2010, da kogin Rima ya cika ya batse ya cinye gonaki da ƙauyuka daga Goronyo har ya karya gadar da ke kaiwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo, mutanen sama ne ke kiran na ƙasa da katinsu suna cewa ku kwashe, ruwa na tafe. Bayan wasu shekaru, da manyan wayoyi suka yi araha, matasanmu suka buɗe zauren manoman albasa a WhatsApp suka sa ni ciki. Saƙon murya shi ya yi aikin, don bai bambanta mai boko da mai ajami da wanda bai iya ko ɗaya ba. Tsoho zai karɓi wayar ɗansa ya yi sallama kamar yana ƙofar gida, ya yi bayani dalla-dalla, ya rufe da addu'a. Mutum zai ɗauki hoton ganye mai tabo da hantsi, kafin azahar ya ji daga manomi a Takakume da wani a Aliero ta jihar Kebbi. Farashin buhu a Acida da Illela yakan iso kafin dillali ya iso. Waɗannan shekarun suna cikin mafi daɗin da na yi a aikina, kuma kowa da kuɗinsa yake sayen data.

Masu sayar da maganin feshi ne suka fara shigo da kuɗi, a ɓoye. Sai a tura wa mutum katin waya don ya yabi wata kwalba. Ba ka iya ganewa daga murya, sai dai ka lura cewa duk cutar da aka kawo, amsarsa kwalbar nan ce. Daga nan wani mai son ci gaban zauren, da zuciya ɗaya, ya sa kyautar kati duk mako ga wanda ya fi kowa turo saƙo. Cikin ɗan lokaci saƙonni suka yi yawan da ba mai iya saurara. Aka cika mu da bidiyon gonakin wasu ƙasashe masu wata ƙasa da wani yanayi, da dogayen rubuce-rubucen da mai turowar ma bai karanta ba. Tambayar mai tabo a ganye takan nutse a tsakiyarsu. Tsofaffin ba su yi faɗa ba, ba su yi sallama ba, muryoyinsu ne kawai aka daina ji. Da na tambayi ɗaya daga cikinsu, cewa ya yi, "Ɗana, wurin ya zama kasuwa, ni ko ban da abin saidawa."

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, ciki har da Rabah da Goronyo, saboda 'yan bindiga. Wahala ce babba, kuma ba na fatan a maimaita. A waɗancan makonnin labarin wace hanya ce ke biyuwa da wace ce ba ta biyuwa ya koma bakin direbobi da 'yan kasuwa, kuma na ga yadda mutum ke auna kalmarsa idan ya san ran wanda ke gabansa na iya rataya a kanta, gobe kuma za su sake haɗuwa a tasha.

A tsakiyar 2024 kamfanin Meta ya buɗe wa 'yan Nijeriya hanyar samun kuɗi daga abin da suke wallafawa a Facebook, bayan jami'in kamfanin, Nick Clegg, ya sanar da hakan a ziyararsa ga Shugaba Tinubu a watan Maris na shekarar. Lissafin a kan yawan masu kallo yake. Wannan ya bambanta da duk abin da na gani a baya, domin masu kallon suna Kano da Legas da Jidda, kuma babu ɗayansu da zai zo ya leƙa rudun mai magana a watan Yuni. Bayani na gaskiya game da albasa a hankali yake tafiya, cike yake da "ya danganta da ƙasarka" da "sai ka duba yanayi", ba ya tara jama'a. Abin da ke tarawa shi ne sirrin da zai ninka maka amfani cikin mako biyu. Na ga bidiyon wani yana cewa a ƙara zuba yuriya ana dab da cirewa don albasa ta yi girma, mutane na ta yabo suna turawa. Duk wanda ya taɓa ajiya ya san ƙarshen wannan: wuya ya yi kauri, albasa ta ƙi bushewa, ta ruɓe tun kafin farashi ya tashi. Wanda ya san hakan yana fadama, ba shi da shafi, kuma ko ya yi gyara a ƙasan bidiyon, gardamar ma ƙarin masu kallo take jawo wa mai shi.

Ba na zargin yaran da ke yin irin waɗannan bidiyoyi da zuciya ɗaya. Da yawansu sun gama karatu ba aiki, gonakin iyayensu na nesa sun gagara zuwa saboda tsoro, kuma a farkon 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Wanda zai ce musu su yi don Allah kawai, ya fara gaya musu abin da za su ci. Na kuma san wani matashi a ƙasar Goronyo da ɗan abin da yake samu ya ba shi damar bin dattawa lambu-lambu yana ɗaukar bayaninsu yadda suka faɗa, ba ragi ba ƙari, kuma aikinsa ya fi rahotanni da yawa da na gani an buga an jibge a ofis. Abin da shekarun nan suka nuna mini shi ne a duba abin da kuɗin ke biya. Albashina da kuɗin Larabar malaminmu sun ɗauke wa mutum nauyi ne don ya samu lokacin yin abin da dama ya iya. Kuɗin zama da katin mako da lissafin masu kallo kuwa suna biyan abin da ake iya ƙidayawa, sa hannu da yawan saƙo da yawan ido, kuma mutane ba wawaye ba ne, abin da ake biya shi za su kawo. Ko manyan kamfanoni sun gwada: Google ya buɗe sashen amsa tambayoyi da kuɗi a 2002, mai tambaya ya sa farashi daga dala 2 zuwa 200, ya rufe shi a 2006, alhali Wikipedia da aka fara a 2001 ba tare da biyan marubuta ba tana nan, har da ta Hausa.

Yanzu da na ajiye aiki, ina cikin wani ƙaramin zaure da muka sake buɗewa, mu da muka san lambunan juna daga Wurno zuwa Goronyo. Ba kyautar kati. Duk wanda zai ba da shawara sai ya faɗi a wace gona da wace shekara ya gwada ta, kuma mai sayar da magani sai ya bayyana cewa shi mai sayarwa ne. Bayan an cire albasa kowa yakan kawo abin da ya sawwaƙa, a saya wa matasa biyu data da man babur, su riƙa zuwa wajen tsofaffin da ba sa riƙe waya suna ɗauko muryarsu. Ba a ƙidaya musu yawan abin da suka ɗauko. Wasu sun fita da suka ga ba abin samu, wasu tsofaffin kuma har yau ba su yarda sun sake magana ba.

Akwai maganar da ke gabanmu da ba mu warware ba. Ɗaya daga cikin matasan nan yana ɗora wasu daga cikin bayanan a shafinsa, kuma ya fara samun kuɗi a kansu. Ɗan wani dattijo da aka ɗauki muryarsa ya zo ya ce a ba mahaifinsa kasonsa. Wasu sun ce yaron ya daina ɗorawa, wasu sun ce a yanka wa kowane tsoho farashi a kan kowane bayani. An ɗage zaman sai bayan an gama cirar bana. Ni abin da zan ce a ranar shi ne yaron ya ci gaba, amma ya nemi izinin kowane dattijo da bakinsa, ya faɗi sunan garinsa a cikin bidiyon, kuma duk ƙarshen kaka ya ɗauki alheri gwargwadon samunsa ya kai masa har zaure, ya durƙusa ya gaishe shi. Farashi a kan kowane bayani kuwa, zan roƙi kada a yanka.